Ciwon marar da ya wuce na al'ada: fashin baƙi kan cutar endometiriyosis a jikin 'yan mata

A wani gidan haya da ke Aboabo a Kumasi, irin gidajen nan masu ɗakuna goma sha wani abu da tsakar gida ɗaya, akwai wata yarinya 'yar shekara 16 da duk mutanen gidan suka san ranar da al'adarta ke zuwa, alhali ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar ba ta fitowa ɗibar ruwa, ba ta sa kayan makaranta, sai dai a jiyo kakarin amanta a bayan ɗaki, sannan ta koma ta duƙunƙune a kan tabarma da gorar roba cike da ruwan zafi manne a mararta. Mahaifiyarta, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, takan dafa mata citta da kanumfari kafin ta fita, ta aiki ƙaninta kantin magani ya sayo farasitamol, ta ce mata, “Yi haƙuri, haka mu ma muka yi, in kin yi aure kin haihu zai bari.” Yarinyar takan ce, “To, Mma,” ta juya fuskarta bango. Kwana biyu ko uku take rasawa a makaranta duk wata, kuma ranar da na zauna muka yi lissafi da ita, sai muka tarar a shekarar karatu ɗaya ta yi asarar abin da ya haura makonni huɗu na darasi.

Maganar mahaifiyar tana da ƙamshin gaskiya, kuma nan ne al'amarin yake da wuyar warwarewa. Yawancin 'yan mata suna jin ciwon mara lokacin haila, kuma a mafi yawansu babu wata cuta a ƙarƙashinsa. Idan jini zai sauko, shimfiɗar cikin mahaifa tana sakin wasu sinadarai da likitoci ke kira furostagilandin, su ne ke sa mahaifa ta riƙa matsewa tana saki domin ta fitar da abin da ke cikinta. Wannan matsewa ita ce murɗawar da yarinya ke ji, kuma sinadaran nan ne ke haddasa tashin zuciya da gudawa da ciwon kai da kan zo tare da ita. Irin wannan ciwo yakan fara watanni shida zuwa shekara guda bayan al'adar farko, yakan zo da zuwan jini ko 'yan sa'o'i kafinsa, ya lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku, sannan yana jin magani matuƙar an sha shi yadda ya kamata.

A wajen shan maganin ne da yawanmu muke kuskure. Magungunan da suka fi dacewa da wannan ciwo, irin su aibufurofen da nafuroksen da mefenamik asid, aikinsu hana jiki ƙera furostagilandin ne, saboda haka wadda ta jira sai ciwon ya kayar da ita sannan ta haɗiyi ƙwaya ɗaya ta makara, domin sinadarin ya riga ya cika wurin. Ƙa'idar ita ce a fara kwana ɗaya ko biyu kafin ranar da ake sa ran jinin, ko kuwa da zarar an ga alamar farko, a ci gaba da sha a kan lokaci har kwana biyu ko uku, bayan an ci abinci. Farasitamol ba ya kai su ƙarfi a wannan aiki. Mai gyambon ciki da mai matsalar ƙoda da wasu masu asma ba sa shan su sai da izinin likita. Gorar ruwan zafin kuwa a ci gaba da amfani da ita, domin ɗumi yana rage murɗar mara, kuma likitoci da kansu suna ba da shawarar yin hakan.

To ina iyakar ciwon da za a yi haƙuri da shi? A shekarar 2018 ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta fitar da matsayarta game da ciwon haila a jikin 'yan mata masu tasowa, inda ta ce idan an yi watanni uku zuwa shida ana ba yarinya magani bisa ƙa'ida, wato na rage raɗaɗi da na daidaita sinadaran haila, amma ciwon bai sassauta ba, wajibi ne a nemi wani dalili da ke ɓoye. Ta kuma ce a cikin 'yan matan da ciwonsu ya ƙi jin waɗannan magunguna har aka leƙa cikinsu da na'ura, aƙalla biyu cikin uku an same su da endometiriyosis. A ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata ya shiga kowane gida a Zango: abin da ciwon yake hana yarinya yi, da yadda ya amsa magani a cikin watannin nan. Ƙarar kuka ba ma'auni ba ce, domin 'ya'yanmu mata tun suna ƙanana ake koya musu haɗiye ciwo.

Ita wannan cuta, bayaninta a taƙaice shi ne wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a inda ba muhallinsa ba: a jikin tantanin da ya lulluɓe cikin mara, a kan ma'ajiyar ƙwai, a bayan mahaifa, wani lokaci a jikin hanji ko mafitsara. Wannan nama yana jin kiran istrojin, ɗaya daga cikin sinadaran jikin mace masu tafiyar da haila, kamar yadda na cikin mahaifa ke ji, don haka duk wata yakan kumbura ya yi tsami, yakan kuma yi jini, amma jinin ba shi da hanyar fita. Sakamakon haka sai wurin ya riƙa kumburi, tabo ya taru, gaɓoɓin da ya kamata su riƙa zamewa a jikin juna su manne, sababbin jijiyoyin jin ciwo kuma su tsiro a wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da ke cikin shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190 a faɗin duniya. Idan aka ɗauki wannan ƙiyasi a matsayin jagora, ajin 'yan mata 40 a babbar sakandare zai yi wuya a ce babu mai ɗauke da ita.

Bayanin da ya fi shahara kan yadda naman ke kaiwa can shi ne na wani likitan mata Ba'amurke mai suna John Sampson, wanda a 1927 ya ce wani ɓangare na jinin haila yana komawa da baya ta bututun ƙwai ya zuba a cikin mara, ya dasa abin da ya ɗauko. Daga baya an gano cewa wannan komawa da baya tana faruwa a jikin kusan mata tara cikin goma, amma kaɗan ne ke kamuwa, abin da ke nuna cewa akwai hannun garkuwar jiki da na gado a ciki. Batun gado a tabbace yake: yarinyar da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta shaƙiƙiya ke da cutar ta fi sauran shiga haɗari nesa ba kusa ba. Wannan ya sa kalmar “haka mu ma muka yi” take da fuska biyu, domin mai yiwuwa uwar ma cutar ce ta sha ba tare da an taɓa ba ta suna ba.

Likitoci sun kasa cutar gida uku: wadda ke kwance a saman tantanin mara, wadda ke zama ƙullutu mai cike da tsohon jini a ma'ajiyar ƙwai, da wadda ta nutse cikin nama fiye da kima. Suna kuma ba ta mataki daga na ɗaya zuwa na huɗu gwargwadon yaɗuwarta. Abin lura shi ne matakin ba ya tafiya da zafin ciwo. Yarinya mai 'yan ɗige-ɗige na mataki na ɗaya tana iya kasa miƙewa tsaye, wata mai mataki na huɗu kuma ba ta san tana da komai ba sai ta je neman haihuwa. Yawancin 'yan mata masu tasowa a mataki na ɗaya ko na biyu ake samun su.

Me ya sa ake daɗewa ba a gano ta ba? A Birtaniya ma, inda ganin likita ba ya buƙatar kuɗi a hannu, matsakaicin lokacin da mace ke ɗauka daga fara jin alamu zuwa sanin sunan ciwonta ya haura shekaru takwas. Dalili na farko shi ne alamun cutar a jikin yarinya ba sa bin tsarin da littattafai suka zana wa manyan mata. Da yawansu ciwon ba ya tsayawa ga kwanakin haila kaɗai, yakan zo a tsakiyar wata ko ya zama na kullum. Yakan zo da tashin zuciya, kumburin ciki, zafi wajen bayan gida ko fitsari musamman a kwanakin jini, ciwon baya da ke sauka cinya, da gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Mai irin waɗannan alamu a Kumasi, kafin a tuna da mahaifarta an yi mata maganin taifot da na olsa da na tsutsar ciki, wataƙila sau biyu-biyu.

Dalili na biyu tsohon kuskure ne da ya daɗe a cikin ilimin likitanci kansa. Shekaru da dama ana koyar da cewa endometiriyosis cutar fararen mata masu hali ce, waɗanda suka jinkirta haihuwa, kuma baƙar mace ba ta cika kamuwa da ita ba. Saboda haka idan baƙar mace ta zo da ciwon mara, abin da ake fara kawowa shi ne ciwon sanyin da ake ɗauka ta hanyar saduwa. A 1976 wani likitan mata a Shikago, Donald Chatman, ya wallafa abin da ya gani da idonsa a cikin baƙaƙen matan da ya leƙa cikinsu, ya nuna cewa cutar tana nan a jikinsu, kuma da yawa daga cikinsu an daɗe ana yi musu maganin sanyi bisa kuskure. Kusan shekaru hamsin ke nan, amma inuwar wancan tunani ba ta gama gushewa ba.

Na ga hakan ranar da na raka yarinyar nan da mahaifiyarta wani ƙaramin asibiti. Ma'aikacin da muka tarar bai tambaye ta yaushe ciwon ya fara ba, bai tambayi kwana nawa take rasawa a makaranta ba. Ya ɗaga kai ya dube ta a gaban uwarta ya ce, “Kina da saurayi?” Ta ce a'a. Ya yi murmushin da bai ɓoye abin da yake nufi ba, ya rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu. A cikin motar haya ta turoturo muna komawa gida uwar ba ta ce uffan ba, sai da muka sauka ta juyo ta ce, “Ki gaya mini gaskiya tun ban ji a bakin duniya ba.” Yarinyar ta tafi asibiti da ciwo ɗaya ta dawo da biyu, kuma sai da aka shafe watanni kafin ta sake yarda a kai ta wurin wani likita. Ciwon sanyin mara gaskiya ne, yana kuma da alamunsa da gwajinsa, amma tambayar da ta shafi sirrin yarinya a keɓe ake yin ta, da ladabi, kuma amsarta ba ta isa ta rufe ƙofar bincike ba.

Jinkirin nan yana da farashi banda darasin da ake rasawa. Jijiyoyin da suka shekara suna isar da saƙon ciwo sukan ƙara kaifi, har ta kai abin da bai isa ya yi zafi ba ya riƙa yi, tsokokin ƙasan mara kuma su ɗaure su ƙi saki. Idan aka kai wannan matsayi, ko an cire naman cutar ciwon ba ya tafiya gaba ɗaya. Ga kuma damuwa da ƙuncin rai da kan kama yarinyar da kowa ke ganin raki take yi ko gudun aiki.

Likitan kirki ba zai yi tsalle ya faɗa kan endometiriyosis ba, akwai abubuwan da zai fara kawarwa. Zai nemi gwajin ciki ga duk wadda ta fara haila, kuma ina roƙon iyaye mata kada su ɗauki wannan a matsayin zargi, ƙa'idar aiki ce, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana iya kisa cikin sa'o'i. Zai duba fitsari, ya tuna da afendiks da murɗewar ma'ajiyar ƙwai idan ciwon ya zo farat ɗaya da tsanani. A nan Gana dole ya tambayi batun sikila, tunda kusan kashi 2 cikin 100 na jariran ƙasar da ita ake haifar su, kuma a Kumasin nan ne aka fara gwajin jarirai a 1995 ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong; wasu masu sikila ciwonsu yakan tashi daidai da zuwan haila. Yarinyar da ta taɓa zama a bakin tafkin Volta ko take wanka a rafi idan ta je hutu arewa, a duba ta da tsargiya, domin tsutsar tana shiga al'aura da mahaifa kamar yadda take shiga mafitsara. Akwai kuma wadda aka haifa da toshewar hanyar jini, ko tantanin budurcinta a rufe ruf, ko wani sashe na mahaifarta ba shi da mafita. Alamar irin wannan ita ce ciwo mai tsanani tun daga al'adar farko, ko yarinyar da ta kai shekara 15 tana murɗar mara duk wata amma ba ta taɓa ganin jini ba. Wannan buɗe hanyar ake yi da tiyata, kuma barinsa yana haifar da endometiriyosis ɗin kanta.

Wani lokaci cutar takan fito a inda ba a zato. Cibiyar da ke kumbura ta yi jini duk wata, ciwon ƙirji ko na kafaɗar dama da sarƙewar numfashi da ke zuwa tare da haila, ko ciki ya cika da ruwa mai jini har a zaci tarin fuka ne na ciki ko daji, duk fuskokinta ne. Ba su da yawa, amma likitocin Afirka ta Yamma suna cin karo da su, kuma abin da ke tona asirinsu shi ne bin kalandar haila da suke yi.

Yanzu sai batun da ya fi hana iyaye kai 'ya'yansu asibiti, wato tsoron a taɓa budurci. Binciken yarinyar da ba ta san namiji ba ba ya buƙatar a saka mata ƙarfen buɗe farji ko na'urar hoto ta gaba. Tarihin ciwon shi ne rabin aikin, sai taɓa ciki daga waje, sai hoton sikan ta saman mara bayan ta sha ruwa mafitsararta ta cika. Yarinya da uwarta suna da haƙƙin su tambayi abin da za a yi kafin a yi, su kuma nemi mace ta kasance a ɗakin. Sikan yana nuna ƙullutun ma'ajiyar ƙwai da toshewar hanya. Amma wadda ke kwance a saman tantanin mara, wato irin da aka fi samu a jikin 'yan mata, ba ta fitowa a sikan, sau da yawa ma ba ta fitowa a hoton MRI mai tsadar nan. Saboda haka takardar da aka rubuta “ba a ga komai ba” ba ta wanke yarinya daga cutar ba, kuma gidaje da yawa a kan wannan takarda suke tsayawa su ce ai likita ya ce lafiyarta ƙalau. Babu kuma wani gwajin jini da ke tabbatar da cutar ko ya kore ta; gwajin da ake kira CA-125, wanda wasu ɗakunan gwaji ke yi, ba a ba da shawarar amfani da shi don wannan manufa ba.

Hanyar da ake ganin cutar ido da ido ita ce laparoskopi. Ana sa yarinya barci, a yi 'yar huda a cibiya da wasu biyu ko uku a ƙasa, kowace ba ta wuce santimita ɗaya ba, a hura iska a ciki, a zura kyamara a duba, a gutsuro naman da ake zargi a kai ɗakin gwaji, a kuma cire abin da aka gani a zama ɗaya. A nan ma akwai tarko. A jikin babbar mace tabon cutar baƙi ne ko ruwan ƙasa, kamar ƙunar albarushi, amma a jikin yarinya yakan kasance ja ne ko kuwa garai kamar bororon ƙuna, har idon da bai saba ba ya wuce shi ya ce babu komai. Shi ya sa ya fi kyau aikin ya kasance a hannun wanda ya saba da 'yan mata. Da can ana cewa ba a tabbatar da cutar sai da wannan aiki, amma a 2022 ƙungiyar Turai mai nazarin haihuwar ɗan Adam, wadda ake taƙaita sunanta da ESHRE, ta sauya jagorarta, ta ce ana iya fara magani bisa alamu da hoto, a ajiye laparoskopi ga wadda hotonta bai nuna komai ba kuma magani ya ƙi yi mata aiki. Ga mu da wannan aiki yake da tsada, kuma sai a manyan asibitocin koyarwa ko na kuɗi ake samun sa, wannan sauyi rahama ne, domin yarinyar mai koko ba sai ta jira an tara kuɗin tiyata kafin ta samu sauƙi ba.

Har yau babu maganin da ke kawar da cutar kwata-kwata, abin da ake yi shi ne kwantar da ita. Tunda istrojin ne abincinta kuma haila ce ke tayar da ita, ginshiƙin magani shi ne a rage yawan haila ko a dakatar da ita. A nan ne ake cin karo da bango a gidajenmu, domin magungunan da ke wannan aiki su ne waɗanda aka sani da na tsarin iyali, kuma uwar da aka ce ta ba budurwar 'yarta irin wannan ƙwaya abu biyu ke faɗo mata: za a ce ta ba ta lasisin lalacewa, kuma za a kashe mata mahaifa. Na farko magana ce ta tarbiyya, ba ƙwaya ke riƙe da ita ba. Na biyu kuwa ba haka yake ba, ƙwayoyin nan ba sa hana haihuwa bayan an daina su. Allurar wata uku ce kawai kan jinkirta dawowar haila na wasu watanni, wani lokaci har kusan shekara. Abin da nakan tuna wa iyaye shi ne Hajiyoyinmu sun daɗe da sanin wannan magani. Ƙwayar Primolut N da mace ke sha domin ta riƙe jini har ta gama ɗawafi, sinadarin da ke cikinta, noretisteron, yana cikin waɗanda ake ba mai endometiriyosis. Wadda ta sha shi a Makka ba ta ɗauke shi abin kunya ba.

Zaɓin yana da faɗi. Akwai ƙwaya mai haɗe da istrojin da projestin, wani sinadarin daidaita haila, wadda ake iya sha a jere ba hutu domin haila ta riƙa zuwa jefi-jefi. Akwai masu projestin zalla, irin su noretisteron da dayenojest mai miligiram 2 a kullum, akwai allura, akwai ashanar da ake sakawa a damtse, akwai kuma robar mahaifa mai sakin sinadari, wadda ga budurwa akan saka ta lokacin da take cikin barcin laparoskopi. Kowanne da sharaɗinsa, shi ya sa ba a sayen su a kantin magani bisa shawarar ƙawa. Mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya ko dishi-dishi a ido, da mai hawan jini, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ba a ba su mai istrojin. Mai sikila likitoci sun fi karkata ga ba ta projestin zalla. Allurar wata uku da dayenojest suna iya rage ƙarfin ƙashi kaɗan, kuma tunda a waɗannan shekaru ne yarinya ke gina ƙashin da za ta tsufa da shi, sai likita ya auna riba da hasara.

Abu ɗaya da likitan da ba Musulmi ba kan iya mantawa da shi shi ne ɗigon jini. A watannin farko na waɗannan magunguna yarinya kan ga jini kaɗan-kaɗan ba a kan lokaci ba, kuma ga mai salla da azumi wannan babbar tambaya ce, har wasu kan yar da maganin saboda ita. Fiƙihu ya riga ya bambance haila da istihala, a mazhabar Malikiyya kuma haila ba ta wuce kwana 15, saboda haka malamar Islamiyya za ta warware mata hukuncin cikin zama ɗaya. Ɗigon kansa yakan ragu bayan watanni uku zuwa shida.

Idan waɗannan sun gaza, kuma an tabbatar da cutar da ido, akwai allurar da ke kashe aikin ma'ajiyar ƙwai na ɗan lokaci ta jefa jiki cikin yanayi irin na wadda haila ta ɗauke wa. Tana da ƙarfi, tana kuma cin ƙashi, don haka ba a wuce shekara guda ana yin ta ga yarinya, kuma ana haɗa ta da ɗan sinadarin da zai kare ƙashin. Tiyata tana rage ciwo, amma cutar tana iya dawowa, shi ya sa ake ɗora yarinya a kan magani bayanta. Cire ƙullutu daga ma'ajiyar ƙwai yakan tafi da wani ɓangare na ƙwayayen da take ajiye da su, saboda haka yawan shiga ciki ba alheri ba ne. Cire mahaifa kuwa ba shi da gurbi a maganar yarinya. Tiramadol, wanda muka ga ɓarnar da ya yi wa samarin unguwanninmu, bai kamata ya zama abin da ake miƙa mata duk wata ba. Addu'a da tofi ba sa karo da asibiti. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗora ciwon a kan namijin dare a shekara ana hayaƙi, ko a riƙa ɗura mata sassaƙe da bitas da ba a san abin da ke cikinsu ba, ko a ba ta abin matsi.

Saura maganar aure. Gaskiya ne ciki da shayarwa sukan kwantar da ciwon, tunda haila ta tsaya, amma yakan dawo idan ta dawo, kuma jagorar 2022 ɗin nan ta faɗa ƙarara cewa kada a shawarci mace ta ɗauki ciki don kawai maganin wannan cuta. Banda haka, dokar yara ta Gana ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Kuma amaryar da aka kai ɗaki da endometiriyosis ba a yi mata magani ba, sau da yawa zafin saduwa ne ke tarbar ta, abin da ba za ta iya faɗa wa kowa ba. Game da haihuwa, cutar tana cikin manyan dalilan jinkirinta, domin a cikin matan da ke neman haihuwa ba su samu ba, ana samun ta a jikin kashi 25 zuwa 50 cikin 100. Duk da haka da yawan masu ita suna ɗaukar ciki ba tare da wani taimako ba, kuma wadda ta san sunan ciwonta tun tana budurwa ba za ta ɓata shekaru tana zagaye ba idan cikin ya yi jinkiri.

Yarinyar Aboabo, abin da ya buɗe mata hanya littafin rubutu ne na makaranta. Watanni uku tana rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, zafin ciwon daga 1 zuwa 10, maganin da ta sha da lokacin da ta sha shi, ranakun amai, da ranakun da ba ta je makaranta ba. Da wannan littafi da katinta na inshorar lafiya, wanda 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shekara a kansa, ta samu takardar turawa zuwa ga likitan mata. Sikan bai nuna komai ba, likitar ta karanta littafin shafi-shafi ta ce wannan bai hana ta zargin cutar ba, ta zaunar da uwar ta yi mata bayanin ƙwayar har ta gamsu. Zangon karatun da ya wuce kwana ɗaya tak ta rasa. Ɗigon jinin bai gama ɗaukewa ba, ciwon bayan gida ma yana nan sama-sama, kuma an ba ta ranar komawa idan ta cika wata shida a kan maganin, inda za a duba littafin a yanke ko za a ci gaba a haka ko za a leƙa cikin.